Dajin Waza: Tarihin Gandun da Ruwan Logon Yake Rayawa

Duk wanda ya bar Mora ya kama hanyar Kuseri, da zarar duwatsun Mandara sun fara ɓacewa a bayansa, zai shiga wani shimfiɗaɗɗen fili wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Bayan tafiyar kilomita kamar 60 sai ga duwatsun Waza tsaye su kaɗai a tsakiyar sarari, daga gindinsu kuwa zuwa gabas gandun dajin Waza ne, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700. Yawancinmu mazauna wannan yanki mun san shi ne a matsayin wurin da Turawa suke zuwa kallon giwa da raƙumin dawa, kuma wurin da malaman daji suke kama mai gatari da mai shanu. Amma tarihinsa ya fi haka faɗi, domin ya shafi itacen da ake gasa tsire da shi a kasuwar Mora ran Lahadi, ya shafi busasshen kifin da ake kawo mana daga Logon, ya kuma shafi farashin saniyar da mahauci yake yankawa.

Dajin kashi uku ne. Ta yamma, inda ƙasa take da rairayi, akwai danya da marke da faru da tsamiya da aduwa. A tsakiya, inda ƙasar ta zama baƙin laka mai tsagewa da rani, dushe ne ya mamaye ko'ina, itacen nan mai jan jiki da ke fitar da ƙaro, wanda raƙumin dawa da giwa suke so ƙwarai. Ta gabas kuwa itatuwa sukan ƙare, sai fadama mai ciyawa zalla wadda Fulani suke kira yayre, ta miƙe har bakin kogin Logon. Wannan fadama ita ce cibiyar labarin, ko da yake baƙon da ya zo da abin ɗaukar hoto ba safai yakan kula da ita ba.

Ruwan da ke cika fadamar ba a nan yake sauka ba. Can kudu mai nisa yake zuba, a tsaunukan Adamawa wajen Ngaundere da kuma ƙasar Afirka ta Tsakiya, ya gangaro ta Logon har kogin ya cika ya batse wajen watan Satumba, ya malala bisa fili ya kwanta wata biyu ko uku. Kifi yakan bi ruwan ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai. Idan ruwan ya janye a farkon ɗari, sai ya bar tafkuna cike da kifi, ya bar jema da shinkafar daji da sauran ciyayi masu saiwa mai zurfi, waɗanda suke sake tofowa kore shar ko bayan an cinna musu wuta. A watannin bazara, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, nan ne mariya da dari da gwanki suke tattaruwa, nan ne kuma Fulani da Larabawan Shuwa suke kawo shanunsu daga Diyamare, har da Nijeriya da Nijar. Da damina ta kama sai kowa ya koma tudu. Haka dajin yake numfashi, shekara bayan shekara.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wuri bai taɓa ganin mutum ba kafin zuwan Nasara. Tuddan da ake gani jefi-jefi cikin fadamar kufai ne na garuruwan mutanen da ake kira Sau, waɗanda Kotoko suke ɗauka kakanninsu ne, kuma har yau ana tsintar sakaina a kansu. Kotoko suna da tsarinsu na wanda yake da iko da kowane tafki da kuma ranar da za a shiga su. Abin da ya sa namun daji suka yawaita a nan yana da alaƙa da yaƙi. Filin yana tsakanin Borno da Mandara da Bagirmi, daga baya kuma ga lamidan Fulani ta kudu, kowanne yana kai hari don kamun bayi, sai talaka ya guji sarari ya nemi ganuwa ko dutse. Baturen Ingila Dixon Denham ya iso Mora a 1823 tare da mayaƙan Borno da suka fito neman bayi. Bajamushe Heinrich Barth ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgun a ƙarshen 1851, ya kuma ba da labarin yawan giwayen da ke wannan fili. Bayansu ga Rabe, wanda bai bar yankin ya huta ba sai da aka kashe shi a Kuseri a 1900. Wato dai rashin zaman lafiyar mutane shi ya zama zaman lafiyar giwa, abin da ba a cika faɗa ba idan ana yabon dajin dā.

Waɗanda suka hau duwatsun Mandara kuwa, irin su Mafa da Fodoko da Mada, sun koyi wata hanyar zama da itace wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙasarsu kaɗan ce, mutane kuma da yawa, saboda haka suka jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni don tare ƙasa da ruwa, kuma ba su bar wani itace ya tsaya a banza ba. Magarya ana sare ta a gindi ta tofo da sanduna miƙaƙƙu na rufin ɗaki. Maɗaci ana matse mai daga 'ya'yansa. Gawo ana sassabe rassansa a ba dabbar da ke ɗaure a gida, takinta kuma ya koma gona. A gindin tsauni sukan dasa dashi da sarƙaƙiya su zama shinge mai hana doki wucewa. Daga waɗannan duwatsu ne kuma ƙarfen da ya yi wa Mandara suna har Borno yake fitowa, narka ƙarfe kuwa sai da gawayi mai yawa. Ba su da malamin daji ko takardar izini, amma kowane itace yana da mai shi, kuma kowa ya san ko na wane ne.

Jamusawa ba su daɗe ba. Kyaftin von Raben ya maƙale a kan dutsen Mora tun 1914, bai miƙa wuya ba sai a watan Fabrairun 1916, shi ne na ƙarshe a duk Kamaru. Faransawa da suka gaje su sun zo da tunanin da ya cika Turai a lokacin, cewa manomi da makiyayin Afirka su ne masu kashe daji da gatari da wuta, maganin abin kuwa shi ne a shata iyaka a fitar da su. A 1932 suka keɓe wani ɗan kurmi a Mozogo, kan hanyar Mora zuwa Mokolo ta Koza, da kuma dajin Binuwai a kudu da Garwa. A 1933 ƙasashen mulkin mallaka suka ƙulla yarjejeniya a Landan kan kare namun dajin Afirka. A 1934 aka keɓe Waza, da faɗin hekta 155,000, aka ƙara shi a shekara mai biyowa. Farautar talaka da kwari da baka ta zama laifi, ta Bature mai bindiga da takarda kuma ta zama wasa.

Gaskiya dai hanin ya yi aiki ta wata fuska, kuma Mozogo-Gokoro ita ce shaida. Faɗinta murabba'in kilomita 14 ne kacal, gonaki sun kewaye ta ta kowace kusurwa, amma da yake an shekara da shekaru ba a sara ba a cinna wuta, ta zama kurmi mai duhu, manyan tsamiya da marke da maɗaci sun haɗe kai, sarƙaƙiya ta toshe ƙasa har mutum ba ya iya ratsawa. Masana tsirrai sukan zo su duba ta don su ga yadda ƙasar nan za ta kasance in an ƙyale ta. Sai dai abin da ya yiwu a fili ɗan ƙarami irin wannan bai zama lallai ya yiwu a Waza ba, inda dubban mutane suke da tafkin su, da wurin kiwo, da wurin yankan ciyawar zana da ɗiban ƙaro tun kaka da kakanni.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ta ƙara ƙarfin abin da ta gada. A watan Disamban 1968 aka ɗaga Waza da Mozogo-Gokoro da Binuwai da Buba Njida zuwa matsayin gandun daji na ƙasa, inda ba kiwo, ba su, ba sara, ba farauta. Kalamalwe ta kusa da Kuseri ta biyo baya a 1972, Faro kuma a 1980. Mutanen da suke ciki aka matsa musu suka koma bakin iyaka. A 1970 aka buɗe makarantar koyon kula da namun daji a Garwa, wadda ta horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sama da 20, kuma Waza tana cikin wuraren da suke zuwa koyon aikin fili. Waɗannan su ne shekarun da sunan Waza ya kai ko'ina. An ƙiyasta mariya ta kai 25,000 a farkon shekarun 1960. Baƙi suna sauka Marwa su kwana a masaukin da ke kan dutsen Waza, matasan ƙauyukan gefe suna samun na cefane da aikin jagora, 'yan kasuwarmu kuma suna sayar musu da jakunkunan fata da takalma. A 1979 hukumar UNESCO ta sa Waza cikin jerin wuraren da duniya take ji da su.

A waɗannan shekaru ne kuma filin da ke kewaye da gandun ya fara cika. Hukuma ta yi ta matsa wa mutanen dutse su sauko sarari, musamman a yankin Mora a farkon shekarun 1960. Noman auduga ya bazu, Sodecoton ta gaji kamfanin Faransawa a 1974, garmar shanu kuwa ba ta shiri da kututture, saboda haka mai son huɗa mai kyau sai ya tumɓuke kome. Masakwa, dawar nan da ake dasawa a laka bayan ɗaukewar ruwa, ta zama abin dogaro, wurin da ta fi so kuwa shi ne daidai inda dushe yake. Manomin dutse da ya saba tattalin kowane reshe, da ya sauko filin da ba nasa ba, wanda dokar ƙasa ta ce itacen cikinsa na hukuma ne, ba shi da dalilin rainon abin da ba zai ci moriyarsa ba.

Babban bugun da dajin ya sha bai zo daga mafarauci ko mai gatari ba. A shekarar nan ta 1979 da UNESCO ta karrama Waza, a cikinta aka kammala madatsar Maga, tarin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 30 tsakanin Girbidik da Pus, tare da wani shingen a gefen Logon, domin kamfanin shinkafa na gwamnati, SEMRY, ya sami ruwan ban gonaki. Niyyar ba mugunta ba ce. Farin 1973 ya girgiza kowa, ƙasa tana son ta ci da kanta, masu ba da bashi kuma sun yarda da lissafin. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne darajar ruwan da yake malala da kansa ba tare da an biya ko sisi ba. Madatsar ta toshe hanyoyin da ruwa yake bi ya shiga fadama, kuma aka yi rashin sa'a ta zo daidai da shekarun ƙarancin ruwan sama, har zuwa babban farin 1984. Fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,500 ya daina ganin ambaliya, kuma wani babban yanki nasa yana cikin gandun.

Abin da ya biyo baya ya zo a jere kamar warwarar saƙa. Jema da shinkafar daji suka mutu, wata ciyawa mai kama da dawa, wadda take bushewa da zarar damina ta wuce, ta maye gurbinsu. Tafkuna suka ƙafe tun kafin bazara. Ga kuma ciwon bushiya da ya ratsa yankin a farkon shekarun 1980, ya kashe na gida ya kashe na daji. Mariya da ake ƙirgawa da dubun dubata ta koma wajen 2,000. Gwambaza, wanda ba ya iya nisa da ruwa, ya ɓace daga Waza. Masunta Kotoko da Musgun suka watse, wasu suka nufi tafkin Maga, wasu tafkin Lagdo a Binuwai, makiyaya kuma suka nausa kudu ko suka kutsa cikin gandun da dare. Hukuma ta haƙa tafkuna tana zuba musu ruwa don dabbobi su sha, amma ba a iya ɗebo ciyawa da tankar ruwa. Daga baya masana tattalin arziki suka ƙiyasta cewa asarar kifi da kiwo da noman fadama ta haura dalar Amurka miliyan 2 a kowace shekara. Shinkafar SEMRY kuwa, a ƙarshen shekarun 1980, ta yi ta jibgewa a rumbuna saboda wadda ake shigowa da ita daga Asiya ta fi ta araha.

Giwa ce kaɗai ta yi ta ƙaruwa. Daga kimanin 250 a farkon shekarun 1960 ta haura 1,000 a shekarun 1990, wasunsu 'yan gudun hijira ne daga Chadi inda yaƙi da farauta suka kore su. Da yake gandun ya kasa ɗaukarsu shekara cur, sai suka raba hanya. Da rani wani garke yakan nufi arewa zuwa Kalamalwe, inda suka yi wa itatuwan ɗan ƙaramin gandun kaca-kaca, da damina kuma wani garke yakan yi kudu zuwa wajen Mindif da Kayele, ya kwana a gonakin dawa. Manomin da giwa ta cinye masa abincin shekara a dare ɗaya, aka kuma ce in ya taɓa ta sai kurkuku, ba shi bukatar a yi masa bayanin ko na wane ne gandun.

A 1988 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, tare da gwamnatin Kamaru da kuɗin ƙasar Holan, suka kafa shirin Waza-Logon. Bayan shekaru ana awo da tuntuɓar sarakuna da masunta da makiyaya da shugabannin SEMRY, a 1994 aka fasa shingen gefen kogi aka buɗe wani tsohon rafi mai suna Ƙaramin Goroma, wanda aka toshe lokacin aikin madatsa. Aikin kansa bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da kuɗin da aka kashe wajen gina Maga, amma ruwan da ya shiga ya sake kwanciya bisa fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 200. A 1997 aka buɗe rafi na biyu. Cikin 'yan shekaru ciyayi masu saiwa suka fara kore ciyawar damina, kifi ya dawo, tsuntsayen ruwa da aka ƙirga wajen 60,000 a farkon shekarun 1990 suka haura 100,000 a 2000, gauraka tana cikinsu. Shinkafa kuma ba ta rasa ruwanta ba. A 1997 ɗin ne aka rubuta wa Waza tsarin gudanarwa wanda ya zaunar da wakilan ƙauyukan gefe a teburi ɗaya da hukumar gandun, aka fara maganar ba su damar yankan ciyawa da ɗiban ƙaro da su a wasu tafkuna bisa ƙa'ida.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da ya yi daɗin faɗa. Ruwa ya dawo, amma bai dawo wa namun daji su kaɗai ba. Shanu suka ninka a filin da ya farfaɗo, mutane suka kafa sababbin ƙauyuka a bakin gandun, masunta suka yi ta haƙa magudanan kama kifi har suka kai dubbai, kowace magudana kuma tana zuƙe ruwan fadama ta mayar da shi kogi da wuri. Mariya ta ɗan ƙaru zuwa wajen 5,000, daga nan ta tsaya. A daidai lokacin ne aljihun gwamnati ya bushe, aka zabge albashi a 1993, aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, masu gadin Waza da suka kai wajen 30 a dā suka koma ƙasa da 10, ga masu tare hanya da bindigogin yaƙi suna yawo a yankin. Babbar ƙofar ruwa da shirin ya tsara, wadda za ta mayar da mafi yawan ambaliyar, ba a samu kuɗin gina ta ba har shirin ya naɗe tabarmarsa. Zakunan da aka ƙiyasta tsakanin 40 da 60 a 2002 sun koma tsakanin 14 da 21 a 2008, domin zaki da ya rasa mariya saniya yake kamawa, mai saniya kuwa yana da dafi da bindiga.

Sauran gandayen arewa ma ba su tsira ba. An bi sawun baƙin karkanda na yammacin Afirka a 2006 a dazuzzukan da ke kewayen Garwa, mafakarsa ta ƙarshe a duniya, ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa irinsa ya ƙare. A farkon 2012 mahaya dawaki da suka fito daga Sudan suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida cikin 'yan makonni, sai da aka tura soja.

Abin da ya faru daga 2013 kuwa ba sai an ba mutumin Mora labari ba. A watan Fabrairu na shekarar aka sace iyalin Faransawa bakwai a Dabanga bayan sun fito daga kallon Waza, a watan Mayun 2014 aka kwashe ma'aikatan hanya 'yan ƙasar Sin goma a Waza, daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke, Mora ta zama hedkwatar wani sashe na rundunar haɗin gwiwa. Ga daji, nauyin ya zo ta wata hanya. Dubun dubatar mutane da suka gudo daga Borno da ƙauyukan kan iyaka kowannensu sai ya dafa abinci, sai ya kafa rumfa. A kewayen sansanin Minawawo, wanda aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, itatuwa suka ƙare har mata suna yin tafiyar yini neman itacen girki, rigima tana tashi tsakaninsu da masu masauki. Daga baya aka dasa dubban ɗaruruwan itatuwa a sansanin, aka koya wa mutane curin gawayi daga ɓawon gyaɗa da karan dawa. A fadamar Logon kuwa, gardamar da ta daɗe tsakanin masunta masu haƙa ramukan tare ruwa da makiyayan da shanunsu suke faɗawa ciki ta zama faɗan jini a 2021, daga Logon Birni har Kuseri, mutane da yawa suka tsallaka Chadi.

Akwai wani reshen tarihin da ya tafi a hankali ba tare da ƙara ba, shi ne na itacen gona. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a shekarun 1970, ta farfaɗo da shi a 2008, kuma inuwar dogon yaro da ta rufe titunan Marwa da Mora shaida ce cewa dashe yana kamawa inda akwai mai ba shi ruwa. A fili kuwa, inda shukar ba ta kowa ba ce, akuya da wuta su suke cin rabonsu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun bi wata hanya. Tun daga wajen 1983, da ƙarfafawar wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. Da malaman daji suka sassauta kamu, manomi ya tabbata itacen nasa ne, an ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake samun itatuwa wajen miliyan 200, galibinsu gawo. Ko dā ma ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Gawo ya cancanci wannan gata. Shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina, ya bar rana ta sami dawar da ke ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki, sa'an nan ya yi kore da rani ya zubo 'ya'ya lokacin da dabba ba ta da abin ci. A nan arewacin Kamaru, daga tsakiyar shekarun 1990, wani shirin raya karkara da ke tare da Sodecoton ya riƙa biyan manomi dala ashirin, wato sefa 100, a kan kowane ɗan gawo da ya bari a gonarsa ya raina har shekara uku, ana shafa masa fenti don mai huɗa ya kauce. Kuɗin bai kai na goro ba, amma fentin ya zama kamar shaida cewa itacen yana da mai shi. An ceci sama da miliyan ɗaya ta wannan hanya. A ganina wannan ɗan aiki ya fi bukukuwan dashe da yawa da aka yi da ganga da jawabi.

Dokar daji ta 1994, wadda ta kawo tsarin dajin al'umma, an ɗinka ta ne daidai jikin kurmin kudu inda ake saran manyan gungume don fitarwa waje. Katakonmu na nan daban ne: azarar giginya da gara ba ta ci, marke na dirka, ƙirya ta turmi da gawayin maƙeri, maɗaci na kwalekwale, sai kuma itacen girki, wanda ya fi su duka cin daji. A lokacin da take aiki, dokar ta yarda mutum ya ɗebi na amfanin gida, amma sayarwa sai da takardar da mai jaki ko mai keke ba ya iya samu, saboda haka cinikin gaba ɗaya yana tafiya ne a kan abin da aka miƙa a shingen hanya, daji kuma ba ya samun kome daga ciki.

Mu Hausawan yankin ba mu da yawa, kuma galibinmu ba manoma ba ne, amma sana'o'inmu suna tsaye ne a kan itace fiye da yadda muke lura. Mai tsire da mai kilishi da mai tuya suna ƙona itace kullum. Majemi ba ya jima sai da bagaruwa. Allon almajiri daga aduwa ake sassaƙa shi, tawadarsa kuma sai da ƙaro. Mafi yawan itacen da ake saukewa a Mora da Marwa dushe ne, daga filayen laka da ke tsakanin nan da Waza, kuma masu kawo shi sun san cewa kowace shekara tafiyar tana ƙara nisa. Dushe kuwa itace ne mai saurin dawowa. In an sare shi sama da gindi da kaifin gatari, aka kare tohon daga wuta da bakin dabba na shekara biyu ko uku, yakan sake ba da itace da ƙaro cikin 'yan shekaru. Wanda aka tara wa kara a gindi aka cinna wa wuta don share filin masakwa, shi kam ba ya sake tofowa.